Manhajar kula da aikin masana'anta: a girka ta cikin kamfani ko a yi hayarta ta intanet?

Duk mai kamfanin casar shinkafa ko matsar man gyaɗa a Gombe da ya nemi manhajar da za ta riƙe masa lissafin aiki a yau, tayi iri biyu zai samu, kuma kowane mai tayi zai tabbatar masa cewa nasa ne na zamani. Na farko zai kawo babbar kwamfuta ya girka a ofishin kamfanin, ya ja wayoyi zuwa injuna, a biya shi kuɗin lasisi, manhajar da bayananta su zauna a cikin katangar kamfanin. Na biyu zai maƙala ƙananan na'urorin awo a jikin injuna, su riƙa tura abin da suka auna ta intanet zuwa rumbun wani kamfani da ke Turai ko Amurka ko Indiya, mai kamfani ya riƙa biyan haya duk wata ko duk shekara, yana duba aikinsa a wayarsa ko da yana Makka. A ganina, matsakaicin kamfani a wannan yanki ya kamata ya riƙe awo da umarnin inji a gida, ya tura rahoto kawai zuwa waje. Amma wannan hukunci ba zai yi amfani ba sai an ga abin da kowane ɓangare yake da shi da abin da ya rasa.

Tsohuwar manhajar tsara aikin masana'anta, wadda ta fara bayyana a Amurka a shekarun 1960, aikinta lissafi ne na ofis: an karɓi odar buhu kaza, saboda haka ana buƙatar ɗanyen kaya kaza a rana kaza. Daga baya aka haɗa mata sha'anin kuɗi da albashi da sito, har kamfanin bincike na Gartner ya laƙaba mata sunan ERP a 1990. A can cikin ɗakin injuna kuma wani tarihi dabam yake gudana. A ƙarshen shekarun 1960 aka ƙera wa kamfanin motoci na General Motors ƙaramar ƙwaƙwalwar inji da ake kira PLC, wadda take kunnawa da kashewa da sassauta gudu bisa umarnin da aka rubuta mata. Shekaru da yawa waɗannan biyun ba sa magana da juna. Abin da yake haɗa su shi ne mutum da littafinsa da alƙalaminsa, wanda yake rubuta abin da aka yi da yamma, ya kai ofis washegari.

Abin da aka fara kira juyin masana'antu na huɗu a baje-kolin Hanoba ta Jamus a 2011, ainihinsa shi ne cike wannan giɓi. Na'urorin awo sun yi araha, an sami harsunan sadarwa na bai-ɗaya da injunan kamfanoni dabam-dabam suke iya fahimta, kuma kwamfuta mai girman tafin hannu ta iya aikin da a da sai mai cika teburi. Sakamakon haka manhajar ta tashi daga rubuta abin da aka shirya yi zuwa ganin abin da yake faruwa a wannan mintin. Tsohuwar takan ce yau za a casa tan talatin. Sabuwar takan ce an casa tan goma sha ɗaya zuwa azahar, injin ɓare ya tsaya sau uku, kuma idan aka ci gaba a haka motar da aka yi wa alƙawari ba za ta yi lodi yau ba.

A kamfanin shinkafa ne ake ganin darajar wannan da ido. Mota takan shigo da shanshera, ta hau sikeli, a rubuta nauyinta a takarda, a soka na'urar auna danshi a buhu biyu ko uku. Daga nan sai jiƙo da turarawa da busarwa har danshin ya sauko wajen kashi 14 cikin ɗari, sannan ɓarewa da gogewa da injin da yake tsince baƙaƙen ƙwayoyi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, wajen kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari kuma dusa, sauran shi ne shinkafa, lafiyayya da karyayyiya. Ribar mai kamfani tana ɓoye a cikin tazarar da ke tsakanin abin da ya kamata ya fito da abin da ya fito. A ɗauki misalin kamfanin da yake casar tan 50 a rana: idan ya rasa kashi 1 kacal cikin ɗari, kilo 500 ke nan, wato buhu 10 masu kilo 50, kowace rana. Littafin mai kula da sito zai nuna cewa akwai giɓi a ƙarshen wata, amma ba zai faɗa ko an busar da shinkafar fiye da ƙima ne ta kakkarye, ko robar injin ɓare ce ta cinye, ko danshin da aka biya kuɗinsa a ƙofa ne ya ƙafe a busarwa, ko kuwa wani hannu ne ya shiga. Manhajar da take karɓar nauyi kai tsaye daga sikelin mota da sikelin buhu, ta haɗa shi da awon danshi na kowane zubi, ita ce take iya raba waɗannan dalilai. Duka tsare-tsaren biyu suna iya yin wannan. Bambancinsu yana fitowa ne a ranar da wani abu ya lalace.

Wuta da layin sadarwa su ne gwaji na farko, kuma a nan tsarin cikin gida ya yi rinjaye ba tare da wata jayayya ba. Mutanen Gombe ba su manta da watan Afrilun 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, yankin arewa maso gabas ya yi makonni cikin duhu. A watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni da yawa a Najeriya suka shiga matsala. Kamfanin da yake da janareta zai ci gaba da casa idan wutar kamfanin rarraba lantarki na JED ta ɗauke, amma turken sadarwar da ke unguwarsa ba a hannunsa yake ba. Idan manhajar da take fitar da takardar lodi tana zaune a wata nahiya, kuma layi ya yanke, to direbobi za su yi cirko-cirko a ƙofa, ko kuma a koma littafi, bayanan ranar su yi rami. Zuwan Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, Najeriya a farkon 2023 ya rage wannan fargaba ga wanda zai iya biya, sai dai shi ma layi ne, kuma layi yana yankewa. Masu sayar da tsarin haya na ƙwarai suna sanya ƙaramar kwamfuta a gindin injuna wadda take tara bayanai idan layi ya ɗauke, ta tura su idan ya dawo. Wajibi ne a tambayi mai tayi awa nawa ko kwana nawa wannan na'ura za ta iya riƙe bayanai, kuma ko ma'aikaci zai iya ganin allo ya buga takarda a lokacin da babu layi.

Akwai abin da ba a ma sa shi a mizani. Umarnin da ya shafi lafiyar mutane, kamar kashe tukunyar tururi idan matsin ya haura ƙa'ida, dole ne ya fito daga ƙwaƙwalwar da ke jikin injin, wadda take yanke hukunci cikin ƙiftawar ido. Duk mai tayin da ya ce rumbunsa na intanet ne zai riƙe irin wannan umarni, a sallame shi da girmamawa.

Sai dai tsarin cikin gida yana da nasa ciwon, kuma masu sayar da shi ba sa son a daɗe a kansa. Babbar kwamfuta tana son ɗaki mai sanyi da tsabta, ga shi kuwa kamfanin shinkafa gidan ƙura ne: ƙurar ɓuntu duk shekara, ƙurar hunturu daga Disamba, sannan zafin bazara na Maris da Afrilu. Ana buƙatar inbata da batura, zai fi kyau da sola, domin kada ta mutu duk lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Ana buƙatar wanda zai riƙa kwafe bayanan yana ajiyewa a wani wuri dabam, domin tsawa ɗaya a damina ko gobara ɗaya tana iya shafe lissafin shekara biyar. A tsarin haya, wannan nauyi duk yana wuyan kamfanin da ya ba da hayar, kuma gaskiya sun fi mu iya ɗaukarsa. Su ne suke sabunta manhajar, su toshe kafofin da masu kutse suka gano, su ajiye kwafi a wurare da yawa. Wanda ya raina wannan fa'ida bai taɓa ganin akanta yana neman bayanan bara a cikin kwamfutar da ta ƙone ba.

Batun kuɗi ya fi rikitarwa fiye da yadda takardun tayi suke nunawa. Tsarin haya yana da sauƙin shiga: kuɗin farko kaɗan ne, kuma ana iya farawa da inji ɗaya. Amma yawancin irin wannan haya da dala ko yuro ake ƙayyade ta, sau da yawa bisa yawan ma'aikatan da suke amfani da ita ko yawan injunan da aka haɗa. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni domin kasuwa ta yanke farashinta, sai ga dala ta haura naira 1,400 a farkon 2024. Wanda ya sa hannu a hayar dala kafin wannan sauyi ya wayi gari yana biyan ninki uku a kan manhajar da ba ta ƙara masa komai ba, alhali da naira yake sayar da shinkafarsa. Tsarin cikin gida yana cin kuɗi mai yawa a tashin farko, kuma yawanci akwai kuɗin kulawa na shekara-shekara, amma idan kasuwa ta yi tsanani aka kasa biya, manhajar da aka saya lasisinta na dindindin tana ci gaba da aiki. Ta haya kuwa rufewa take yi. Saboda haka kwatancin gaskiya shi ne a lissafa kuɗin shekara biyar na kowane tsari, a sa albashin mai kula da shi da batura da kuɗin intanet, sannan a sake lissafin a kan cewa dala ta ninka.

Sunayen da ake ji a kasuwa ba su rabu gida biyu tsaf ba. Odoo na Beljiyam da ERPNext na Indiya ana iya girka su a kwamfutar kamfani, ana kuma iya hayarsu, kuma dukansu suna da sigar da aka buɗe wa kowa. Ƙarfinsu yana wajen sito da ciniki da lissafin kuɗi, haɗa su da inji kuwa sai an ƙara aiki. SAP Business One an yi shi ne domin ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Ignition ya shahara wajen kallon injuna da tara awonsu, kuma ana sayen lasisinsa ne a kan babbar kwamfuta, ba a kan yawan masu kallo ba. Plex, wanda Rockwell Automation ya saya a 2021, tun asali a intanet aka gina shi. Siemens Opcenter na manyan masana'antu ne masu sashen injiniyoyi na kansu. Kamfani irin na simintin Ashaka, wanda yake aiki tun 1979 kuma murhunsa ba ya son tsayawa dare da rana, yana da ɗakin kula da injuna da ma'aikatan da za su riƙe irin wannan nauyi. Mai casar tan 30 a rana da ya kwaikwayi sayayyarsu zai biya kuɗin abubuwan da ba zai taɓa buɗewa ba.

Tambayar da ta fi sunan manhaja muhimmanci ita ce harshen da injunan suke magana da shi. Yawancin injunanmu haɗin gambiza ne: injin ɓare daga Sin, tukunyar turara daga Indiya, injin tsince ƙwaya na Bühler ko Satake ko wani na Sin, janareta daga wani wuri dabam. Idan ƙwaƙwalwar injin tana jin Modbus, wanda yake nan tun 1979, ko OPC UA na zamani, kusan kowace manhaja za ta iya karanta ta. MQTT kuma, wanda aka ƙirƙira a 1999 domin sa ido a kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, an yi shi ne tun farko domin layi mai rauni da tsada, shi ya sa ya dace da mu. Matsalar ita ce wasu masu ƙera inji suna kulle ƙwaƙwalwar da kalmar sirri, su hana mai inji takardar da take nuna inda kowane awo yake. Wanda yake shirin sayen sababbin injuna domin yankin masana'antu na Dadin Kowa ya kamata ya rubuta wannan sharaɗi a yarjejeniyar saye tun kafin a yi lodi, domin bayan an biya kuɗi roƙo kawai ya rage. Tsofaffin injunan da ba su da ƙwaƙwalwa kuwa ba sai an jefar da su ba. Ana maƙala wa wayar wutarsu na'urar da take auna abin da suke ja, daga nan a san lokacin da suke aiki, da lokacin da suke juyawa babu kaya, da lokacin da suka tsaya.

Wannan awon wuta shi kaɗai yakan biya kuɗinsa. Tun da aka ɗaga farashin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ga kuma tsadar man dizal, sanin wutar da kowane buhu ya ci ya zama lissafin da ba a yin sakaci da shi. Akwai kuma ma'aunin da Seiichi Nakajima na Japan ya yaɗa, wanda yake haɗa abu uku: lokacin da inji ya yi aiki, da saurinsa, da ingancin abin da ya fitar. Misali, injin da ya yi awa 7 cikin 10, da kashi 80 cikin ɗari na saurinsa, kuma kashi 90 na kayan suka fito lafiya, kusan rabin ƙarfinsa kawai ya ba da. Mai kamfanin da ya ga wannan adadi zai iya fasa sayen sabon inji ya gyara tsayuwar wanda yake da shi.

Inda tsarin haya yake alfahari shi ne ƙirƙirarriyar basira da hasashen lalacewa. Ana liƙa na'urar auna girgiza da zafi a kan boris, manhajar ta koyi yadda yake idan yana lafiya, ta yi gargaɗi kwanaki kafin ya fashe. Wannan gaskiya ne kuma yana aiki, musamman ga mai rassa da yawa, a ce ɗaya a Gombe ɗaya a Bauchi ɗaya a Yola, wanda yake son kwatanta su a allo ɗaya. Amma hasashe yana buƙatar watanni na bayanai masu tsabta, kuma gargaɗi ba shi da amfani idan babu boris ɗin a sito, sai an aika Kano ko Legas. Biyan kuɗin hasashe kafin a iya auna nauyi da danshi daidai cinikin biri ne a sama.

Game da tsaro, kada wanda ya girka a gida ya ɗauka ya tsira. A watan Maris na 2019 masu kutse suka kulle kwamfutocin Norsk Hydro, babban kamfanin alminiyam na Norwe, suka nemi kuɗin fansa, har wasu masana'antunsa suka koma aiki da hannu da takarda. A wurinmu hanyar shigar cuta ta fi sauƙi: ma'aikaci ya soka filashinsa ko ya sa wayarsa caji a kwamfutar da take kula da inji. Ko wane tsari aka zaɓa, layin injuna ya zama dabam da layin ofis, kuma ƙofar da injiniyan waje yake shiga daga nesa a riƙa buɗe ta ne kawai idan ana buƙata.

Abin da ya fi rusa irin wannan aiki a wurinmu shi ne rashin mai gyara a kusa, da kuma rashin yardar ma'aikata. Idan mai kamfani ya ce, "Injiniya, in abin nan ya tsaya ranar Asabar da dare, wa zan kira?" aka amsa masa da, "Ranka ya daɗe, sai a tura wa ofishinmu saƙo," to tayin ya faɗi, komai kyawun allonsa. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Bauchi da jami'ar jihar Gombe suna yaye matasan da suka karanta lantarki da kwamfuta, kuma ya fi riba a ɗauki ɗaya ko biyu tun ranar da aka fara girkawa, su koya da hannunsu, a ba su kalmomin sirri da zanen wayoyi. Su kuwa masu aiki a gindin inji, idan suka fahimci cewa an kawo na'urar ne domin a kama su, za su san yadda za su ciyar da ita ƙarya. Na'ura tana ganin inji ya tsaya, amma dalilin tsayawar mutum ne yake danna shi. Saboda haka allon ya zama mai manyan maɓallai kaɗan, da Hausa: babu wuta, babu kaya, bel ya tsinke, ana gyara, lokacin salla. Kuma a bar mai aikin ya ga sakamakonsa a allon da ke gabansa, ba sai manaja ya karanta masa a ofis ba.

Ga ƙaramin kamfanin da mai shi yake wurin kullum, sikeli mai kyau da na'urar auna danshi da manhajar sito mai sauƙi sun wadatar, kuma a nan haya mai araha ba laifi ba ce, tun da ranar da layi ya ɗauke littafi zai iya riƙe aikin. Ga matsakaicin kamfani mai aikin dare da rana, wanda motoci suke jiran takardarsa, na fi amincewa da kwamfuta mai jure ƙura a cikin gida, wadda take riƙe sikeli da awon injuna da takardun lodi, tana tura kwafi da rahoto zuwa rumbun intanet duk lokacin da layi ya samu. Mai rassa da yawa da injiniyoyinsa shi ne zai ci cikakkiyar moriyar tsarin haya, bisa sharaɗin kowane reshe ya iya tsayawa da kansa.

Kafin a sa hannu, a nemi gwaji na wata ɗaya ko biyu a kan layin casa guda, a lokacin kaka da aiki ya yi yawa. A tsakiyar gwajin a zare wayar intanet ta yini guda ba tare da an sanar da mai tayi ba, a duba ko an buga takardun lodi, ko bayanan sun dawo cikakku, ko nauyin da manhajar ta nuna ya yi daidai da buhunan da aka ƙirga a sito. A cikin yarjejeniyar kuma a rubuta cewa bayanan mallakin kamfani ne, za a miƙa su a sigar da kowace manhaja take iya buɗewa duk ranar da aka rabu, sannan a ƙayyade farashin da naira, ko a sa iyakar abin da zai iya ƙaruwa a shekara.